Duk Inda Ta Ɗaura Jan Ƙyalle

Duk wanda ya taɓa zaman haya a dogon benen nan ya san Inna. In bai san ta a fuska ba, ya san ta a ƙeya, don daga tagogin sama ƙeyarta ake fara gani da safe, tana duƙe a filin bayan gida, kwando a gefe, baki yana motsi. Ita ce ta haifi Mai-Makulli, wato mai kula da benen, wanda ake ƙwala wa kira in famfo ya fashe ko ƙwan fitilar matakala ya mutu. 'Yan haya ne suka laƙaba masa sunan saboda tarin makullan da ke kaɗawa a ƙugunsa. Inna kuwa Auta take ce masa, ko a gaban wa. Ɗakunansu suna can ƙasa kusa da inda ake ajiye motoci, ɗaya nasa da matarsa, ɗaya na Inna, wanda a da bokitai da tsintsiyoyi ne ke kwana a ciki.

Filin bayan ba wani abin a zo a gani ba ne. Tsiri ne tsakanin katanga da tankin ruwa, an jibge masa ɓaraguzan bulo da tsohuwar taya da wata kujera da ta rasa ƙafa. Amma tankin yana yoyo tun ba yau ba, kuma inda ruwa ya samu wurin zama ganye ba ya jiran gayyata. Mutanen sama ciyawa suke gani. Inna kuwa kasuwa take gani: tafasa a gindin katanga, lalo a inda ruwan ke kwanciya, zaƙi-banza a cikin tayar, gasaya a bayan tanki inda rana ke fara sauka.

Tana da dokokinta. Ba ta tumɓuke tsiro, sai dai ta sa farcen babban yatsa ta tsinke kan mai laushi, ta bar gindin ya sake tofo. A kowane gungu takan ware waɗanda suka fi ƙiba ta ƙyale su su yi fure su zubar da iri. Su take kira iyaye, kuma ko yunwa za ta kai ta ƙasa ba ta taɓa su. Sannan ba ta zuba ganye a kwando sai ta fara jefa ɗaya a baki ta tauna. Da harshe take gane wanda ya tsufa, da wanda karen maƙwabta ya yi wa wanka. Abin da ke motsa bakin ke nan. Matar wani lauya da ke zaune a sama ta daɗe tana zaton addu'a ce.

Ba a benen ta koyi wannan ba. Tun lokacin da uban Auta ya kwanta ciwon da bai tashi ba, da irin ganyen nan ta yi wa yaron ƙashi da tsoka, tana tsinka a bayan makaranta, a gefen titi, a duk inda ba a kore ta ba. Takan tuna masa, kuma in za a faɗi gaskiya, takan tuna masa fiye da yadda kunne ke so.

To, sai ga Amarya, matar Auta, wadda sunan amarci ya maƙale mata har ya zama nata, ta samu ciki bayan an daɗe ana zuba ido. Laulayi ya yi mata kamun kazar kuku. Ƙamshin mai, amai. Nama, amai. Ko sabulun mijin ta shaƙa sai ta nemi bokiti. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. A asibiti aka ja mata fatar ido aka ce jini ya yi ƙasa. Abu guda ne ke yarda ya zauna a cikinta, romon ganyen Inna, da ɗan gishiri da albasa, ba mai. Tana sha tana gumi tana cewa, "Inna, ƙara min." Inna tana ƙarawa tana hura hanci. Surukai ne, amma baƙo sai ya rantse ita ta haife ta. In suka haɗa kai suna tankaɗe da rairayar 'yan haya, Auta sai ya yi ta gyaran murya kafin a san ya shigo.

Fitinar daga bencin direbobi ta taso. Direbobin manyan bene suna da benci a inuwar matakala inda suke jiran iyayen gidansu, kuma bakin mai zaman jira ba ya rasa abin tauna. Jagoransu Dogo ne, direban lauya, mai harshe kamar reza.

"Mai-Makulli, yau an fita da tsohuwa kiwo kuwa?"

"Ka rataya mata ƙararrawa mana, kada ta ɓace a dajin."

Auta zai wuce da tsani a kafaɗa, sai wani ya ce "meee" ƙasa-ƙasa, a tuntsire da dariya. Sannu a hankali sunan Mai-Makulli ya fara ja da baya, Ɗan Akuya ya fara shigowa. Har mai kawo burodi, da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya taɓa tambaya ko Ɗan Akuya yana nan.

Inna ta ji, don kunnenta bai tsufa ba. Wata safiya ta dire kwandonta a gaban bencin ta riƙe ƙugu.

"Kai Dogo, tsawon banza. Ka taɓa ganin an kwantar da akuya don hawan jini? Kullum kana hanyar likita da maigidanka, ciki ya riga shi shiga mota. Ka ce masa akuya tana gaishe shi, in yana so ta ɗiba masa."

Direbobi suka kwashe da dariya har da buga cinya. Dogo ya cire hula ya ce ya tuba, ya bi Allah ya bi Inna. Ita a wurinta wasa ne, an yi, ta ci, ta ɗauki kwandonta. Ba ta ɗaga kai ba, balle ta ga Auta a saman tsani yana murɗa ƙwan fitila, kunnuwansa kamar an gasa.

Ba a yi nisa ba ya same ta da yamma tana tsince ganye a faranti. Ya durƙusa a gabanta, abin da ya daɗe bai yi ba, har ya sa hannu yana taya ta.

"Inna, mai benen ya aiko a share filin baya. Zan kawo masu aiki."

Hannunta ya tsaya. "Amarya fa? Me za ta ci?"

"Abin da ya kawo ni ke nan. Ki nuna min duk inda kike tsinka, mu sa alama. Sai in ce musu duk wurin da suka ga alama kada su kusance shi."

An ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, amma wace uwa ce ke kallon ɗanta ta tuna da kare? Inna ta ji wani sanyi ya ratsa ta. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati, ta zaro jan kallabin nan da take adanawa a can ƙasa, wanda ko ranar auren Auta sai da ta yi shawara da zuciyarta kafin ta ɗaura. Ta sa haƙori ta fara ɓarka shi tsiri-tsiri.

"Haba Inna, ai ko leda ta isa," in ji Amarya.

"Leda iska ke ɗauka. Ja ne mai shiga ido, ko makaho ya zo aikin zai gani."

Suka zagaya filin, ita a gaba, shi a baya riƙe da ƙyallayen. Tana kafa tsinke, yana miƙo mata, tana ɗaurawa. Tana ɗaurawa tana koyarwa. Wannan lalo ne, ka ga gefen ganyen kamar zarto. Wannan tafasa ce, da yamma takan rufe ganyenta kamar mai jin kunya. Wannan kuma ba a ci, kama kawai ya yi da na kirki, irin abokanka na benci. Auta yana ta gyaɗa kai.

"Akwai sauran wani wurin, Inna?"

"Akwai cikin tayar can."

Aka ɗaura.

"Shi ke nan? Ki tuna da kyau, kada a bar wani."

Ta dube shi, ta yi murmushi. Akwai wurin da ko Amarya ba ta sani ba. Ta ja shi ta bayan tanki, ta wani matsatsi da sai an bi a kaikaice, ta ɗage wani ruɓaɓɓen kwano. Ga iyayen gasaya nan tsaye har ƙugu, sun yi fure fari, 'ya'yansu sun fara nuna.

"Ko duk filin ya ƙone, in waɗannan suna nan, zai dawo," ta ce. Ta zaɓi ƙyallen da ya fi faɗi ta ɗaura musu da kanta. Daren ranar har ta ce wa Amarya, ashe yaron nan yana ji, ita ce take zaton ba ya ji.

Ranar da za a yi aikin ta faɗo daidai ranar awon Amarya, kuma Auta ne ya dage Inna ta raka ta, wai kada jiri ya ɗebe ta a layi. Suka wuni a asibiti. Da suka dawo Inna ko mayafi ba ta cire ba ta leƙa baya. Komai yana nan kore shar, jajayen ƙyallaye suna kaɗawa, ko tayar ba a ɗaga ba.

"Masu aikin ba su zo ba?"

"Sun zo," in ji Auta, yana neman wani makulli a cikin makullai. "Sun fara dubawa."

Washegari ta ɗauki kwando. Auta yana bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi. Ya dubi kwandon, ya dube ta, ya koma kan takalminsa.

"A dawo lafiya, Inna."

Ganyen ya yi kyau a ido. A baki ne ta ji wani abu, wani ɗan bauri mai maƙaƙi da ba ta san shi ba. Ta tofar, ta gwada na gaba, shi ma haka. Ta gwada na cikin taya, ta gwada na gindin katanga, tana neman mai daɗin. Ta ɗora laifin a kan hayaƙin janareta, ta ce wanki zai fitar. Haka ta bi ƙyallayenta ɗaya bayan ɗaya tana taunawa, har kwando ya cika.

Da rana ta ɗaga, romo ya nuna. Inna ta zuba wa Amarya a kwanonta mai murfi, ita kuma ta zauna a bakin gado tana shafa ciki, don tun ɗazu take jin yana juya mata, harshenta kuma kamar ta lashi toka. Amarya ta hura cokalin farko ke nan Auta ya shigo neman sifana, hannunsa duk tsatsar famfon sama. Ya ga tukunya. Ya ga kwano. Ya yi wani tsalle da ba a san yana da shi ba, ya kai wa kwanon mari. Romo ya watsu a bango, cokali ya shige ƙarƙashin gado.

"Kin sha? Amarya, kin sha? Buɗe bakin in gani!"

"Lafiyarka kuwa? Ko kai wa baki ban yi ba!"

"Guba ce! An yi feshi jiya, maganin ciyawa ne a jikinsa!"

Murfin kwano ya yi ta juyi a siminti har ya gaji ya kwanta. Auta ya riƙe fuskar matarsa da hannu biyu yana duba leɓenta. Sai da ya tabbata sannan ya saki ajiyar zuciya, sannan ya tuna akwai wata a ɗakin.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Feshin ya taɓa inda na sa alama ke nan?"

Auta ya shiga goge tsatsar hannunsa a wando.

"Auta, da safe kana ina?"

"Ina bakin ƙofa."

"Me ke hannuna?"

"Inna, mai feshin ya ce maganin yana da ƙarfi. Na ɗauka za ki tarar sun bushe, ki juyo. Wallahi haka na ɗauka."

"Me ke hannuna, na ce."

"Kwando."

"Me ka ce min?"

Ya sunkuyar da kai. Amarya ce ta amsa. "A dawo lafiya ya ce. Ina kwance na ji shi."

"Tun kana goye a bayana kake jin ƙarar haƙorana a kan ganye," in ji Inna. "Duk benen nan, har matar lauya da ba ta san sunana ba, ta san ba na tsinka ban tauna ba."

Ta yunƙura za ta tashi, cikin ya murɗa, ta durƙushe a kan bokitin Amarya.

Abin dariya, in akwai abin dariya a ciki, motar lauya ce kaɗai a gidan, kuma Dogo ne ya kai ta asibiti, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Amarya ta riƙe ta a baya. Auta ya kama ƙofar gaba zai shiga, Inna ta ce in ya shiga ita za ta fita, sai ya saki. A hanya Dogo ya yi ta satar kallonta ta madubi, kuma shi mutum ne da shiru ke yi wa ƙaiƙayi.

"Inna, ki yafe mu. Mu wasa muke yi. Jiya da na ga mai feshi na ɗauka da saninki ne, tunda ga alamu an kafa. Ina ji ɗanki yana ce masa, duk inda ka ga jan ƙyalle ka ninka, sauran ko ka bari ba komai. Har bayan tanki ya shigar da shi."

"Mai benen ne ya sa shi," in ji Amarya, kamar mai roƙo.

"Wane mai bene? Mutumin da rabonsa da gidan nan tun kafin a sake fenti? Ai ko hanyar filin bai sani ba."

Inna ta rufe ido. Da ɗan gari akan ci gari, ta sani tun tana yarinya. Abin da ba ta sani ba shi ne garin da kansa zai yaga kallabinsa ya nuna ƙofa.

Allah ya taƙaita. Aka ƙara mata ruwa, aka ba ta magani, likita ya yi mata faɗan cin abin da ba ta san asalinsa ba. Ta ce masa ta san asalinsa sarai, ita ta haife shi. Bai gane ba, ya rubuta abin da zai rubuta.

Maganin ciyawar bai yi gaggawa ba, amma bai yi ƙarya ba. A kwanakin da suka biyo lalo ya fara yin rawaya, tafasa ta rufe ganyenta ba ta sake buɗewa ba. Iyayen gasaya su suka fi daɗewa a tsaye, sannan suka sunkuya da 'ya'yansu da ba su ƙarasa nuna ba. Ciyawar banza kuwa, wadda ko akuyar gaske ba ta ci, tana nan kore a tsakani, don ba wanda ya ɗaura mata komai. Daga tagogin sama abin ya zama kamar zane: duk inda ja yake, ƙasa ta ƙone.

Amarya ta koma amai. Auta ya shiga kasuwa ya kinkimo ganye dami guda, manya-manya masu sheƙi, ya ajiye a ƙofar Inna. Inna ta dafa, don ba da cikin take faɗa ba. Amarya ta kurɓa, ta yi ƙoƙari, ya dawo. Sai ga tsohuwa da ba ta gama warwarewa ba tana fita tun da sassafe, kwando a cikin mayafi, tana jan gwiwa, ba ta dawowa sai rana ta take, ƙafafu fari fat da ƙura, da ɗan ganyen da bai rufe gindin kwando ba. Inda take zuwa, masu son sani sun bi ta da ido har kwanar gidan mai, daga nan suka rasa ta. Amarya ta sha, ya zauna.

A benci kuwa an daina kukan akuya. In Auta ya taho da tsaninsa sai hira ta mutu, kowa ya shiga duba wayarsa, har ya wuce. Dogo, da ya saba ce masa Ɗan Akuya, yanzu ko Mai-Makullin ba ya ce masa. Auta ya samu abin da ya nema, sai dai bai yi kama da mai jin daɗinsa ba.

Wata yamma Inna ta shiga filin ta bi tsinkayen ta kwance ƙyallayenta kaf. Ta wanke su da sabulu, ta shanya, ta ninke. Da Auta ya sauko daga aiki ya tarar da guda a ɗaure a hannun ƙofar ɗakinta, an yi masa ƙulli mai kyau. Tana zaune a ciki tana tsince ganye.

"Inna, wannan fa?"

"Alama ce."

"Ta me?"

"Na ga aikinku bai ƙare ba. Akwai sauran tsohuwar ciyawa a nan, kada mai feshi ya sha wahalar nema."

Ya durƙusa a bakin ƙofar ya yi ta magana, kan dariyar da ake masa, kan yadda mutum ke son a ga girmansa a wurin aikinsa, kan cewa bai taɓa nufin ta da ciwo ba. Har ya yi hawaye, kuma hawayen gaske ne, Amarya ta shaida. Inna ta saurara har ya gama, hannunta bai bar farantin ba. Da ya tashi ya kwance ƙyallen ya sa a aljihu.

Da safe wani ƙyallen yana wurin. Kallabin babba ne, ta yaga shi da yawa.

Ta fito da kwandonta a cikin mayafi. Yana bakin ƙofa, takalmi a hannu.

"Inna, gwiwarki. Ki faɗa min inda kike zuwa, ko rakiya ce in yi miki. Ko in riƙe miki kwandon."

Ta tsaya ta dube shi tun daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa tsiron da ya yi kama da na ci.

"Amarya!" ta ɗaga murya ta kan kafaɗarsa. "Ki ɗora ruwa, 'yar nan, ba zan daɗe ba."

Ta raɓa shi ta wuce. Ya buɗe baki zai ce a dawo lafiya, sai ya ji kalmar ta ƙi fita, ya tsaya riƙe da takalmi har ta sha kwana.